Anti Bilki ta rasu, kuma ba Iya Sikira ce ta ƙona firintar ba

Da safen nan labarin ya same ni, ina durƙushe gaban risho ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Maigidana ya dawo daga masallaci, ko takalmi bai cire ba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hafsa, kashe wutar nan tukuna."

Na ce lafiya? Ya ce Anti Bilki ce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai ta idar da sallar asuba ta ce kanta yana juya mata, ta ɗan kishingiɗa. Kafin a samo keken da zai kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Bayan azahar aka kai ta makwancinta.

Tun ɗazu nake rubuta wannan ina gogewa. Na kasa zama wuri ɗaya. Na sake wanke kwanonin da na riga na wanke, na fita tsakar gida na dawo, na ɗauki waya na ajiye. Ku yi haƙuri idan maganar ta zo muku a hargitse. Akwai abin da dole in faɗa yau, kuma ba yabo ne kaɗai ba.

Ga waɗanda ba 'yan Sabo ba, Anti Bilki ita ce matar da take gyaran kwamfuta a falonta. Kafin aure ta yi aiki a wani shagon gyaran kwamfuta a unguwar Mokola. Da ta yi aure sai ta kwaso kayan aikinta ta shimfiɗa su a kan teburin cin abinci, shi ke nan shago ya dawo gida. Matan unguwa suka samu inda za su kai laptop da waya ba tare da fargabar wani ƙato zai zauna yana kallon hotunansu ba.

Ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Ita ta koya min aikin nan da nake taƙama da shi.

Lokacin da maigidana ya ce bai ga dalilin da matar aure za ta zauna tana kwance kwamfuta ba, ita ta sa hijabinta ta zo har gida. Ta zauna da shi a zaure, ta yi masa Hausa, ta yi masa Yarbanci, ta haɗa da Turanci, har sai da ya yi dariya ya ce a bar shi haka ya yarda.

Sukundireban farko da na mallaka nata ne. Har yanzu da tabon jan farce a jikinsa, alamar da take sa wa kayanta.

Da na fara karɓar aiki a gidana, mata suna zuwa suna cewa, "Anti Bilki ta ce aiki ya yi mata yawa, mu zo wajenki." Sai daga baya na gane ƙarya take musu. Ranar da na je na same ta zaune tana tsince shinkafa, tebur fayau ba kwamfuta ko ɗaya, na ce Anti ina aikin da ya yi yawa? Ta ce, "Ke dai ci gaba da gyara, ban tambaye ki ba."

Idan tana son tsokanata Injiniya take ce min.

Tana da tambaya ɗaya da ta ishe ni da ita. Duk abin da aka kawo, kafin ta taɓa shi sai ta ce, "Me ya canza? Jiya yana aiki, yau ba ya yi. Me ya canza a tsakani?" Ni kuwa mai gaggawa ce, kowa ya san ni. Ina kallon abu sau ɗaya na yanke hukunci. Sau tara cikin goma ina dacewa, shi ya sa kaina ya kumbura.

To ga abin da ya faru.

Hajiya Ladi mai yaji da garin kunu, kun san ta. Tana da 'yar ƙaramar firinta da take buga sitikar da take mannawa a robobinta. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Iya Sikira mai cincin. Sun haura shekara ashirin suna maƙwabtaka. Tare suke hawa keke zuwa kasuwar Shasha sayen barkono da fulawa, 'ya'yansu a tsakar gida ɗaya suka yi rarrafe. Hajiya ta iya amala a hannun Iya, Iya ta iya miyar kuka a hannun Hajiya.

Wata biyu da suka wuce Iya ta samu odar biki, ta ari firintar ta kwana huɗu, tana bugawa da tsohuwar laptop ɗin 'yarta. Ranar da ta mayar, Hajiya ta jona ta da tata laptop ɗin, ba ta buga ba. Fitilarta tana kunne, amma kwamfuta ta ce na'urar da aka jona ta lalace, ba ta gane ta ba.

Aka kira ni.

Na duba, na ga alamar gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa a gefen sunanta a kwamfutar. Na canza wayar jonawa, na canza ramin da ake soka ta, na kashe na kunna. Na ciro tawa laptop ɗin daga jaka na gwada, ita ma ta faɗi abu ɗaya. Sai na miƙe na karkaɗe hannu na ce, "Hajiya, bod ɗinta, allon wutar cikinta, ya ƙone. An jona ta da janareto mai wuta da yawa."

A gaban mata huɗu na faɗa. Kuma kowa ya san a layin nan Iya ce mai janareto.

Iya ta shigo da zaninta a hannu tana ɗaurawa, ta ce wallahi lafiya ta dawo da ita, da safiyar ranar ma ta buga. Ta ce a kawo gidanta a gwada da laptop ɗin 'yarta a gani. Ni da bakina na ce ba sai an wahala ba, na gwada a kwamfuta biyu. Da yamma wata ta tambaya a guruf ɗin matan unguwa, na sake danna waya na yi voice na maimaita.

Hajiya ba mai zagi ba ce. Ba ta ce wa Iya komai ba. Ta dai daina leƙa katanga, ta koma zuwa Shasha ita kaɗai. Abin da ya fi yi mata ciwo, in ji ta, ba firintar ba ce, rantsuwar ce.

Sauran mata kuwa suka ɗauka. Masu sayen cincin suka ja baya. Aka fara cewa kada a ba Iya aron ko ludayi. Har wata ta rubuta a guruf cewa ai halinsu ne, tana nufin ƙabilar su Iya. Ku da kuke garin nan kun san inda irin wannan kalmar take kai mutane idan aka bar ta.

Wannan kalmar ce ta tayar da Anti Bilki. Ta ji Hajiya za ta ba 'yan gwangwan firintar, ta aika aka karɓo mata, ta roƙi aron laptop ɗin Hajiya na kwana biyu. Ban san ta yi ba.

Ranar Asabar ɗin waccan, yau kwana tara, ta kira ni da hantsi ta ce in zo. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Na same ta ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta ce ciwon kai ne yake damunta kwana biyu. Na ce ta sha magani. Iyakar abin da na ce ke nan, ta sha magani.

"Zauna, Injiniya," ta ce.

Akwai wata tsohuwar laptop da take ajiyewa a ƙasan tebur, Kaka take kiranta. Ba ta taɓa barin Kaka ta hau intanet, don kada komai ya canza a cikinta. Na sha yi mata dariya a kan wannan. Ta ɗauko ta, ta jona firintar Hajiya, ta danna.

Firinta ta yi ƙara ta turo sitika. Yajin Hajiya Ladi, da hoton barkono, tsaf.



Ta cire ta jona a laptop ɗin Hajiya. Alamar nan mai ruwan ɗorawa ta dawo, wai na'ura ta lalace. Ta mayar wa Kaka, ta sake bugawa. Sau uku ta yi haka ba ta kalle ni ba.

Sannan ta buɗe littafinta. Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, akwai ɗan ƙaramin shiri a cikin kwamfuta da muke kira direba, shi yake sa ta gane na'urar da aka jona mata har su yi magana. Masu yin sa suna fitar da sabo lokaci zuwa lokaci. Ashe tun kafin ta kira ni Anti ta nemo guda biyar na wannan firintar, daga tsoho zuwa na yanzu. Ta sa na farko, ta kashe ta kunna, ta jona, ta rubuta abin da ta gani. Ta goge shi tas, ta sa na biyu. Haka ɗaya bayan ɗaya, da ciwon kan nata, ana ɗauke wuta ana kawowa. Kwana biyu ta yi a kai.

Uku na farko ta yi musu alamar daidai. Na huɗu da na biyar ta ja musu layi.

"A nan ya karye," ta ce, ta ɗora yatsa a kan na huɗu. "Duk na'urar da kika jona, kwamfuta tana tambayarta ke wace ce. Firintar nan tana da nawar amsawa, haka aka yi ta. Tsohon direba yana jiranta. Sabon ba ya jira. Kamar mai sallama sau ɗaya ya juya ya ce ba kowa a gidan. Da bai ji amsa ba sai ya rubuta ta lalace, ya rufe ta."

Na ce amma Anti na gwada a tawa.

Ta ce, "Taki da kike mata update duk Juma'a? Direba ɗaya ne a cikinsu. Kin tambayi mutum ɗaya sau biyu, kin ce shaidu biyu."

Sai ta yi min tambayar tata.

"Me ya canza, Hafsa?"

Na ce firinta ta je gidan Iya.

"Ita kaɗai ce ta yi tafiya a satin nan?"

Ta juyo min da laptop ɗin Hajiya, ta buɗe inda kwamfuta take ajiye tarihin duk abin da aka sabunta mata. Ga rana nan a rubuce. Talata.

Ranar Talatar nan laptop ɗin tana gidana. Da firinta ta tafi aro, Hajiya ta ga ba abin da za ta yi da ita, ta aiko min in duba mata don tana nauyi. Na share mata tarkace, na jona ta da intanet ɗin wayata, na yi mata update na komai da komai, na mayar ina jin na yi gwaninta.

Ni na sa direban da ya daina gane firintar. Da hannuna.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙarasa. Tun ranar da na tsaya a ɗakin Hajiya na ga alamar nan, abin ya ɗarsu a raina. Na danne shi. Janareton Iya ya fi min sauƙin faɗa.

Kun san me na yi da Anti ta nuna min? Fushi na yi. Na ce, "Anti, so kike ki tona min asiri a Sabo? Wa zai sake kawo min aiki?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da tonon asiri nake so, da guruf na shiga, ba ke zan kira ba. Update ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Kuskure a gwaji, wa bai taɓa yi ba? Amma kin ɗora wa baiwar Allah suna, tana yawo da shi wata biyu."

Na ce to ita ta je ta faɗa musu mana, tunda ita ta gano.

"Ni na gano, amma ba bakina ne ya faɗa ba. Na mayar wa Hajiya tsohon direban, na kulle shi kada ya sake sabunta kansa. Laptop zan aika mata, ba zan ce komai ba. Firintar ke za ki kai. Daga nan ki zaga gidan Iya."

Ta sa min ita a leda, ta ɗora min ƙullin dambun nama a kai ta ce na yara ne. Ta rako ni har bakin zaure. Na ce mata gobe zan je.

Na kawo firintar gida na tura ta bayan wardrop na rufe da zani.

Ta kira ni ranar Litinin, na ce baƙi muka yi. Ta kira ranar Laraba, na bar wayar tana ruri har ta katse. Ranar Juma'a ta turo saƙo, kalma uku: "Injiniya, kin je?" Na buɗe na karanta. Na ce bari in je tukuna sai in amsa mata da labari mai daɗi.

Saƙon yana nan a wayata, ba amsa a ƙarƙashinsa.

Yau da na shiga gidan rasuwar, tsakar gida cike da mata. Hajiya Ladi tana zaune ta wajen rijiya. Iya Sikira tana can ƙarshen tabarma kusa da ƙofar kicin, ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da ta kusa da ita. Kowa yana kuka, ni ina kallon wannan filin.

Da maza suka ɗauki Anti suka fita, na ji ba zan iya ci gaba da zama ba. Na san ba wurin maganar ba ne. Na san za a ce Hafsa ba ta da lissafi. Na tashi na tsallaka ƙafafun mutane na durƙusa gaban Hajiya.

Na ce, "Hajiya, firintarki lafiyarta ƙalau, tana ɗakina. Ba a ƙona ta ba. Ni na yi wa laptop ɗinki abin da ya sa ta daina ganinta. Iya gaskiya ta rantse."

Hajiya ta daɗe tana kallona da jajayen idanu, sannan ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce kwana tara.

"Kwana tara," ta ce. Ta kawar da kai. Ban ga laifinta ba.

Na ja gwiwa zuwa wajen Iya. Hausata ta ƙare, sai Yarbanci ya zo bakina. Na ce, "E ma binu, Iya. Ki yafe min. Ƙarya na yi miki."

Na zaci za ta yi mamaki. Ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ce da Hausarta, "Na sani, omo mi, 'yata. Bilki ta zo gidana tun ranar Asabar ɗin, da yamma."

Na ce ta faɗa miki?

"Ta faɗa min duka. Ta ce ba ta so in sake kwana ina tunanin ko na ɓata abin mutane ban sani ba. Na ce to mu je wajen Hajiya yanzu yanzu. Ta riƙe ni ta ce, Iya, alfarma nake roƙo. Idan ni na faɗa, yarinyar nan ta gama aiki a Sabo. Idan ita ta faɗa da bakinta, za a ci gaba da yarda da ita. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Za ta zo, ni na koya mata aiki."

Iya ta goge ido da bakin gyalenta ta ce, "Kullum ina jin sallama sai in ce ke ce."

Kwana tara matar nan tana da gaskiyarta a hannu, ana wuce ta ba a gaishe ta, ta yi shiru saboda ni. Saboda Anti ta ce zan zo.

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na dai san da na waiga daga zaure, Hajiya ta tashi daga wajen rijiya tana tsaye a kan Iya, ba ta zauna ba, ba ta kuma wuce ba. Abin da suka ce wa juna ban ji ba. Firintar na ba maigidana ya kai bayan la'asar, don ban da idon da zan sake haɗawa da Hajiya yau.

A bainar jama'a na yi ƙaryar, don haka a bainar jama'a nake janye ta. Duk wadda ta ji voice ɗina a guruf, duk wadda ta tura wa wata, ta tura wannan ma. Iya Sikira ba ta ƙona firintar kowa ba. Wadda ta rubuta halinsu ne, ni na ba ki ƙofar, amma ke ma kin san gidan Iya.

Wadda kuma ta ga ba za ta sake kawo min aiki ba, ta yi daidai, ba zan ji haushi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Idan na'urarki ta daina aiki bayan an yi wa kwamfuta update, kada ki yar, kada kuma ki zargi wanda ya taɓa ta ƙarshe, sai an gwada ta a kwamfutar da ba a sabunta ba. Ba ilimina ba ne, na Anti ne.

Ina kewarta, kuma ina jin kunyarta, ban san wanne ya fi ci na ba.

Ya Allah, ga baiwarka Bilkisu ta zo gare Ka. Ta rufa wa mata asiri a wayoyinsu, ta rufa min nawa har ta koma gare Ka, Ka rufa mata nata. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanya mata haske a ciki. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙurin da ba su da shi yau. Ka saka wa Iya Sikira da abin da ni ba zan iya saka mata ba.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce da danna alama kawai. Ka tsaya ka karanta mata Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunanta a sujadarka ta magariba.

Ni kuma ku roƙa min Allah Ya yafe min kwana taran nan.